Masu gashin kek a gida da tarnaƙin doka a Nijeriya

A watan Afrilun 2025 Hukumar rajistar kamfanoni ta Nijeriya, wato CAC, ta ba duk masu gudanar da kasuwanci da sunan da ba a yi wa rajista ba wa'adin makonni 6 su je su yi, ko kuma su fuskanci shari'a. Hukumar ta tunatar da jama'a cewa dokar kamfanoni ta 2020 ta tanadi hukuncin da ka iya kaiwa ɗaurin shekaru 2 a kan wannan laifi. Sanarwar ba ta ambaci kek ko cincin ba, amma cikin waɗanda ta shafa kai tsaye akwai ɗimbin matan da suka mayar da ɗakunan girkinsu wuraren neman na kansu.

Duk wanda ya halarci biki ko suna a Kano ko Kaduna ko Sakkwato a 'yan shekarun nan, ya san matsayin da kek ya samu. Ya shiga cikin gara ya zauna kusa da alkaki da nakiya da dubulan, yana cikin ledar da ake raba wa mahalarta, kuma da wuya a yi hidimar sallah a gidajen ma'aikata ba a gan shi a faranti ba. Akasarinsa a gida ake gasa shi, wata da obin na gas, wata kuma da tukunya da yashi a kan gawayi. Ana yin ciniki ta WhatsApp ko Instagram, a tura kuɗi ta banki, ɗan aike ya kai kaya a Adaidaita Sahu.

Sana'ar mata a cikin gida dai ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun a 1969 wata masaniya 'yar Birtaniya, Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta yi rubutu a kan abin da ta kira ɓoyayyen ciniki, wato hada-hadar da matan aure ke yi daga cikin gidajensu ta hannun yara masu talla. Mai ƙosai da mai fura da mai ƙuli-ƙuli ba su taɓa neman izinin kowa ba, kuma babu wanda ya taɓa tambayarsu takarda, domin kuwa mai saye ya san gidan, ya san matar, ya kuma san inda zai kai ƙorafi idan fura ta yi tsami.

Mai gashin kek ta yau ta gaji wannan sana'a, sai dai ta ƙara mata abubuwan da kakarta ba ta yi ba. Ta raɗa wa kasuwancinta suna, ta sa kayanta a kwali mai tambari, kuma tana sayar wa mutanen da ba su san ƙofar gidanta ba. A daidai waɗannan wurare ne doka take tare ta.

Sunan da ke jawo doka

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, dokar kamfanonin ba ta tilasta wa mutumin da ke kasuwanci da sunansa na gaskiya yin rajistar suna ba. Matar da ke sayar da kek da sunan da iyayenta suka raɗa mata ba ta shiga wannan sahu ba. Amma da zarar ta ƙirƙiro wani suna na daban, irin sunayen Turancin nan da ake yayi a shafukan sada zumunta, to doka ta ba ta kwanaki 28 daga ranar da ta fara ciniki ta je ta yi rajista. Wato dai ƙawar da ta yi wa sana'ar don jan hankalin masu saye ita ce ta fara jefa ta a hannun hukuma.

Wannan shi ne mataki mafi sauƙi a cikin dukkan matakan. Ana yin sa ta intanet, kuma gwamnati ta sha yin rangwame a kansa. A 2018 an rage kuɗin rajistar suna daga naira 10,000 zuwa 5,000 na wani lokaci, sannan a 2020, lokacin annobar korona, gwamnatin tarayya ta ɗauki nauyin yi wa ƙananan sana'o'i 250,000 rajista kyauta. Takardar tana da amfani, domin da ita ake buɗe asusun banki da sunan sana'a, da ita ake neman rance ko kwangilar kai kayan maƙulashe wurin taron wata ma'aikata. Tana kuma zuwa da ɗawainiyar miƙa bayanan shekara-shekara, wadda yawancin masu ƙananan sana'o'i ke mantawa da ita har tara ta taru.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar wannan takarda a matsayin lasisin sayar da abinci. CAC suna kawai take yi wa rajista. Ba ruwanta da abin da ke cikin kwali.

Ƙofar NAFDAC

Abin da ke cikin kwali hurumin Hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ne, wato NAFDAC, wadda aka kafa da dokar soja ta 15 a 1993. A wannan shekarar ce kuma aka yi wata dokar da ta hana sarrafawa ko tallatawa ko sayar da duk wani abincin da aka sarrafa sai an yi masa rajista. Dokar ta tanadi tarar da ba ta wuce naira 50,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekaru 2 ba, ko duka biyun, ga mutumin da ya saɓa. Tarar ta zama abin dariya a darajar naira ta yau, amma kwace kaya da rufe wurin sana'a ba abin dariya ba ne ga wadda jarinta bai wuce buhun fulawa biyu ba.

Matsalar ita ce, waɗanda suka tsara wannan doka masana'antu ne a gabansu. Tsarin rajistar ya ginu ne a kan kaya mai suna ɗaya, da haɗi ɗaya da ba ya sauyawa, da takardar bayani ɗaya, wanda za a kai samfurinsa ɗakin gwaje-gwaje a auna, a ba shi lamba. Kek ɗin da amarya ta yi oda kuwa yau mai hawa uku ne da cakulan, na gobe mai kwakwa ne, kuma kafin kwana biyu an cinye shi. Babu yadda za a yi a ba irin wannan lamba. Shi ya sa a aikace ake samun rabuwa. Wadda ke gasa wa mutum abin da ya yi oda ta fi kama da mai dafa abincin biki, wadda abin da ake dubawa a wurinta tsafta ce. Wadda kuma ta ƙulla ƙananan kek ko cincin a leda ta kai kanti, ta zama mai masana'anta a idon doka, ko da kuwa masana'antar tata ba ta wuce tebur ɗaya ba. Manyan kantuna ma tambayar farko da suke yi ita ce ina lambar NAFDAC.

Neman wannan lamba doguwar tafiya ce. Sai an gabatar da takardar CAC, sai an nuna shaidar cewa an nemi rajistar tambarin kasuwanci a ofishin da ke ƙarƙashin ma'aikatar ciniki da masana'antu ta tarayya, sai masu aikin sun yi gwajin lafiya a asibiti, sai an nuna shaidar feshin maganin ƙwari, sannan jami'an hukumar su zo su duba wurin da idonsu. Kowane kaya kuma rajistarsa daban. Lambar cincin ba za ta rufe donot ba, kuma yawanci bayan shekaru 5 sai an sabunta. Ƙa'idojin 2022 na bayanan da ake rubutawa a jikin ƙunshin abinci sun buƙaci a lissafa kayan haɗi, da nauyi, da adireshin mai sarrafawa, da ranar da aka yi da ranar lalacewa, da kuma abubuwan da jikin wasu ba ya karɓa, irin su gyaɗa da ƙwai da madara.

Ba za a ce hukumar ba ta san da ƙananan masu sana'a ba. Tana da ƙa'idoji na daban masu sassauci ga mafi ƙanƙantar masu sarrafa abinci, kuma a watan Mayun 2020 ta yi musu rangwamen kashi 80 cikin 100 na kuɗin rajista na tsawon watanni 6, a wani shiri da mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar. To amma kuɗin rajistar ba shi ne babban dutsen ba. Babban dutsen shi ne wuri. Ko a sassauƙan tsarin, ana sa ran a keɓe wa aikin wuri nasa, wanda ba a haɗa shi da hidimar gida ba. Matar da ke zaune a ciki da falo a gidan haya, wadda take girki a tsakar gida tare da maƙwabta uku, ba ta da wurin da za ta keɓe. Kafin ta kai ga rangwamen, sai ta fara kama wani ɗakin haya, wanda kuɗinsa na shekara zai iya lashe ribarta gaba ɗaya. Kuma dalilin da ya sa tun farko ta zaɓi sana'ar gida shi ne don kada ta biya wannan haya, ko kuma don yanayin aurenta da renon 'ya'ya bai ba ta damar fita ba.

Sai dai kuma masu ganin hukumar a matsayin mai takura kawai sun manta da wasu abubuwa. A zamanin Farfesa Dora Akunyili, wadda ta shugabanci NAFDAC daga 2001 zuwa 2008, ɗaya daga cikin manyan yaƙe-yaƙen da hukumar ta yi shi ne da masu gidajen burodin da ke zuba sinadarin buromet don burodi ya kumbura. A 1999 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar lafiya ta duniya ta sanya wannan sinadari cikin waɗanda ake zargin suna iya haddasa cutar. Har a 'yan shekarun baya hukumar na ci gaba da gargaɗin masu gashi a kansa da kuma sakarin, wanda wasu ke komawa gare shi duk lokacin da sukari ya yi tsada.

Mutanen Kano ma ba za su manta da watan Maris na 2021 ba, lokacin da ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti bayan shan lemon da aka haɗa da garin da aka sayo a kasuwa. Gwamnatin jihar ta ce mutane 10 sun rasu. Binciken NAFDAC ya nuna cewa wani sinadari mai guba ne aka sayar a matsayin ɗan tsami. Masu haɗa lemon ba su yi niyyar kashe kowa ba. Sun sayi gari ne a ƙulle cikin leda marar rubutu, kamar yadda mai kek ke sayen kala da ƙamshi da bota a awo daga buɗaɗɗen bokiti. Ƙa'idar 2022 ta taƙaita wani nau'in kitse mai cutar da zuciya zuwa giram 2 a cikin kowane giram 100 na mai, amma wadda ta auno bota a leda ba ta da hanyar sanin abin da ta saya. Haka ma batun ƙamshin da aka jiƙa da barasa, ko sinadarin daskarar da kirim da aka samo daga alade, wanda ke damun Musulmi mai saye. Idan babu rubutu a jikin kaya, daga ita har shi a duhu suke.

Alƙaluman da Hukumar lafiya ta duniya ta fitar a 2015 sun nuna cewa mutane kimanin miliyan 91 ne ke kamuwa da cututtukan gurɓataccen abinci a Afirka a kowace shekara, 137,000 daga cikinsu kuma su mutu. Kek zalla da ya gasu sosai ba ya cikin abinci masu haɗari. Haɗarin yana cikin kirim da madara da ɗanyen ƙwan da ake yi masa ado da su, a ƙasar da firji ke iya kwana ba wuta, zafin watan Afrilu kuma ya haura digiri 40.

Duba-gari a ƙofar gida

Hukumar da tsarin mulki ya ambata da baki a wannan harka ba ta tarayya ba ce. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya lissafa kula da shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi da sauran wuraren sayar wa jama'a abinci a cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Jami'an kiwon lafiyar muhalli, waɗanda Bahaushe ya fi sani da duba-gari tun zamanin Turawa, su ne idon ƙaramar hukuma a nan. Ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar, kuma kowace da yadda take fassara wannan iko.

A nan arewa akwai wani ƙulli da takardun doka ba su kula da shi ba. Wurin da za a duba cikin gidan aure yake, inda baƙon namiji ba ya wuce zaure. Magidanta da dama za su gwammace matar ta bar sana'ar da a ce jami'ai maza suna shiga musu har madafa. Maganin wannan a bayyane yake, wato a samu isassun jami'ai mata, amma sai an fara yarda cewa madafar gida wurin sana'a ce da ya cancanci a tsara masa hanya.

Daga nan sai masu rasit. Dokar 1998 da ta rarraba haraje-haraje tsakanin matakan gwamnati uku ta ba jihohi kuɗin rajistar wurin kasuwanci, ta ba ƙananan hukumomi kuɗin shago da na allon talla. Matar da ta kafa ɗan allo a ƙofar gida ta gayyato su ke nan. Mai gidan haya ma yana da ta cewa, domin yarjejeniyar hayar gidan zama ba kasafai take yarda da kasuwanci ba, kuma takardar mallakar fili tana fayyace abin da aka ba da filin dominsa.

Haraji na gaskiya kuwa ya fi sauƙi a kan yadda ake tsoronsa. Mai rajistar suna ba kamfani ba ce, don haka harajin kuɗin shiga na mutum ɗaya ne a kanta, kuma jiha ce ke karɓa. A ƙarƙashin dokar harajin da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara ba a cire musu komai. Amma sai wadda ke rubuta abin da ta saya da abin da ta sayar ce za ta iya nuna cewa kuɗin da ke shiga asusunta ba duka ne riba ba.

Yadda wasu suka warware

Wannan rikici ba a Nijeriya kaɗai aka yi shi ba. A Amurka an daɗe ana hana sayar da abincin da aka yi a madafar gida a jihohi da dama. A 2011 jaridar Los Angeles Times ta yi labarin wani mutum da ke gasa burodi a bayan gidansa yana kai wa kantuna, ba da jimawa ba jami'an lafiya suka dakatar da shi. Ƙorafin da ya biyo baya ne ya sa majalisar jihar California ta yi dokar abincin gida, wadda Gwamna Jerry Brown ya sanya wa hannu a 2012. Dokar ta ware abincin da ba ya buƙatar firji ta halatta yin sa a gida, ta hana masu kirim da nama, ta sa iyaka a kan cinikin shekara, wadda ta fara daga dala 35,000, ta kuma wajabta a rubuta a jikin kaya cewa a madafar gida aka yi shi. Jihar New Jersey ce ta ƙarshe da ta ɗage haramcin, a watan Oktoban 2021.

A Birtaniya kuwa abin da ake nema shi ne mai sana'ar ta sanar da ƙaramar hukumarta aƙalla kwanaki 28 kafin ta fara. Rajistar kyauta ce, kuma ba a hana kowa. Daga baya jami'i zai zo ya duba madafar, ya ba ta maki daga 0 zuwa 5, kuma wajibi ne ta sanar da masu saye idan kayanta na ɗauke da ɗaya daga cikin abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da ciwo.

Abin lura a waɗannan misalai shi ne an yarda mutum ya yi sana'a a madafar da yake dafa wa iyalinsa, aka mayar da hankali kan irin abincin da kuma girman cinikin. Wannan ita ce gaɓar da ta ɓace a tsarin Nijeriya. Ƙasar ta fitar da manufar kiyaye lafiyar abinci ta ƙasa a 2014, kuma ƙudurin dokar da zai haɗa kan hukumomin ya shafe shekaru yana kai-komo a majalisa, amma muhawarar ta fi karkata ga wace hukuma ce za ta riƙe wane iko, da kuma kayan da ake fitarwa waje. Kwaikwayon Amurka baki ɗaya ma ba zai yiwu ba, domin jerin abincin da zai jure zafin Maiduguri ba tare da firji ba ya fi na California gajarta.

Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da hukumar SMEDAN ya ƙiyasta ƙanana da matsakaitan sana'o'i a Nijeriya da kimanin miliyan 39 da dubu 600 a 2020, kuma mafi rinjayensu na mutum ɗaya ne ko 'yan kaɗan. Babu hukumar da ke da jami'an da za su bi waɗannan gida-gida, saboda haka yawancin masu gashin kek za su ci gaba da aikinsu ba wanda ya ce musu kanzil. Wadda ke shiga uku ita ce wadda ta yi fice. Ranar da kanti ya nemi ta riƙa kawo kaya, ko wata makaranta ta ba ta oda, ko kuma wani ya ci ya kwanta ya kai ƙara a ƙarƙashin dokar kare masu saye ta 2018, a ranar ne za a tambaye ta takardun da tsarin bai taɓa ba ta hanyar samu daga ɗakin girkinta ba. Cinikin da Polly Hill ta kira ɓoyayye kuwa yanzu yana da shafi a Instagram mai ɗauke da hoto da lambar waya da sunan unguwa, kuma kowace naira da aka turo tana barin sawu a banki.